Shin Da Gaske An Rufe Ƙofar Ijtihadi? Abin Da Binciken Jami'o'i Ya Nuna Game Da Fiƙihu

 

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a bakin 'yan boko, har ta shigo bakin wasu daga cikin ɗaliban addini. Wai fiƙihun Musulunci ya daskare tun farkon ƙarni na huɗu na Hijira, wai malamai sun rufe ƙofar ijtihadi, tun daga nan ba abin da ake yi sai maimaita abin da magabata suka faɗa. Duk lokacin da aka zo zancen dokar iyali, ko gado, ko harkar banki, sai wani ya jawo wannan magana ya ce littattafan da muke karantawa a zaure ba su da amsar zamani. Ɗalibi kuwa sai ya yi shiru, ko ya fusata, alhali shirun da fushin duka ba amsa ba ne. Wannan magana tana da tarihi, an san waɗanda suka yi mata gata a jami'o'i, an kuma san waɗanda suka rushe ta a cikin jami'o'in nan ɗin dai. Ya kamata ɗalibi ya san wannan labari, domin abin da ake rubutawa a can yana dawo mana ta hanyar doka da kotu da darasin 'ya'yanmu.

Da farko sai a bambance tsakanin karatu biyu. A zaure muna karanta Ahalari da Ishmawi da Iziyya da Risala, mu wuce zuwa Askari da Muktasar na Halil, kuma tambayar da wannan karatu yake amsawa ita ce: mene ne hukunci? Mai bincike a jami'a tambayarsa daban ce. Yana so ya san yadda hukuncin ya kai ga shiga littafi, wa ya fara faɗarsa, a wane gari, kuma da mutane suka je gaban alƙali me aka yi musu. Wannan tambaya ta biyu ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Alƙali Iyal ya rubuta Tartibul Madarik a kan tarihin malaman Malikiyya, Ibn Farhun ya biyo da Dibaj, Ahmad Baba na Tumbuktu ya cike shi da Nailul Ibtihaj. A ƙarnin da ya wuce Alhajawi na Fas, wanda ya rasu a 1956, ya rubuta tarihin fiƙihu tun daga zamanin wahayi har zuwa zamaninsa. Abin da ya sauya shi ne, tun ƙarni na 19 Turawa sun shigo wannan fage da nasu kayan aiki, da tasu manufa, kuma a lokacin su ne suke riƙe da mulkin mafi yawan ƙasashen Musulmi.

Shakht da da'awarsa guda biyu

A cikin mustashriƙai, wato Turawa masu nazarin addini da harsunan gabas, babu wanda ya yi tasiri a kan nazarin fiƙihu kamar Joseph Schacht, wanda Larabawa suke rubuta sunansa Shakht. Bajamushe ne, an haife shi a 1902, ya koyar a jami'ar Alƙahira a shekarun 1930, sannan Oksfod a Ingila, sannan Laidin a Holan, ya ƙare a jami'ar Kolombiya ta Amurka, ya mutu a 1969. Ya san Larabci sosai, ya kuma karanta Muwaɗɗa da littattafan Imamu Shafi'i da na Shaibani karatun mai neman abin kamawa. Ya bi sawun Ignaz Goldziher ɗan ƙasar Hangari, wanda tun 1890 ya jefa shakku a kan hadisai.

Da'awarsa ta farko tana cikin littafin da ya fitar a 1950. Ya ce fiƙihu ya samo asali ne daga al'adun garuruwa da tsarin mulkin Banu Umayya, daga baya aka ƙirƙiro hadisai aka jingina su ga Annabi (S.A.W) don a ba ra'ayoyin ƙarfi. Ya ce isnadi yana tsiro ne ta baya, maganar tabi'i ta koma ta sahabi, ta sahabi ta koma ta Annabi. Har isnadin Malik daga Nafi'u daga Ibn Umar, wanda malaman hadisi suke kira sarƙar zinare, bai ƙyale shi ba.

An amsa masa, kuma amsar ta zo daga gida da waje. Shaihu Muhammad Musɗafa al-A'azami, Allah ya yi masa rahama, ɗan Indiya ne da ya yi karatu a Diyoband da Azhar, sannan ya tafi Kambirij ya yi digirin dakta a 1966 a kan rubuta hadisi tun ƙarni na farko. A 1985 ya fitar da littafi sukutum yana bin misalan Shakht ɗaya bayan ɗaya, yana komawa ga nassin da aka ciro su, yana nuna inda aka yanke magana da inda aka fahimce ta a karkace. Babbar hujjar Shakht ita ce: idan malami yana tattauna mas'ala bai kawo wani hadisi ba, to hadisin bai wanzu ba a zamaninsa. A'azami ya nuna cewa malaman farko sukan san hadisi su bar ambatonsa, har a samu malami ɗaya ya kawo shi a wani littafinsa ya bar shi a wani. Game da Nafi'u kuwa lissafi ya isa: an haifi Malik a wajen shekara ta 93, Nafi'u ya rasu a 117, duka a Madina. Saurayi ɗan shekara ashirin da 'yan kai me zai hana shi ji daga malamin garinsu?

Amsa ta waje ta zo daga wani Bajamushe, Harald Motzki, a 1991. Ya ɗauki Musannaf na Abdurrazzaƙ as-San'ani, wanda ya rasu a 211, ya ƙirga ruwayoyinsa daga Ma'amar da Ibn Juraij da Sauri da Ibn Uyaina, sai ya ga kowane malami yana da nasa salo da nasa malamai. Ya ga Ibn Juraij yana bambance abin da Aɗa'u ibn Abi Rabah ya faɗa da ra'ayinsa da abin da ya ruwaito, yana kuma bayyana shakkarsa inda ya yi shakka. Mai ƙirƙirar ƙarya ba ya wahalar da kansa haka. Daga nan ya kammala cewa fiƙihun Makka ya kafu a kan Alƙur'ani da ruwaya tun ƙarni na farko. Mu ba mu jiran Motzki kafin mu gaskata Sunna, amma yana da amfani ɗalibi ya san cewa ko a ma'aunin su kansu wannan da'awa ba ta tsaya da ƙafafunta ba.

Da'awa ta biyu ita ce ta fi shafar rayuwarmu ta yau, ita ce kuma ta fi yaɗuwa saboda littafinsa na gabatarwa ga shari'ar Musulunci da ya fito a 1964, wanda aka daɗe ana koyar da shi. Ya ce a wajen shekara ta 300 bayan Hijira malamai sun haɗu a kan cewa an gama warware manyan mas'aloli, babu sauran ijtihadi, sai taƙlidi. Tun daga nan, in ji shi, fiƙihu ya zama abin karantawa a littafi, rayuwa kuma tana tafiya ta wata hanya daban.

A nan dole a yi adalci. Ba Shakht ne ya ƙirƙiro lafazin ba. Wasu malaman Musulunci na ƙarnonin baya sun yi zancen cewa mujtahidi cikakke ya yanke, kuma masu kiran gyara a Masar da Indiya sun yi ta kuka da taƙlidi tun kafin a haifi Shakht. Abin da ya yi shi ne ya ɗauki magana da ake saɓani a kanta ya mayar da ita tabbataccen tarihi mai shekara da ijma'i.

Wannan zato na cewa fiƙihu abu ne a daskare ya yi wa masu mulkin mallaka daɗi tun kafin Shakht, domin abin da ya daskare ana iya fassara shi a miƙa wa Bature ya yi hukunci da shi ba tare da malami ba. A Indiya Ingilishi sun fassara Hidaya ta Hanafiyya a 1791, alƙalansu suka riƙa yanke hukunci da fassarar, har a 1894 babbar kotunsu ta Landan ta soke wakafin da mutum yake yi wa iyalinsa, abin da malaman mazhabar suka halatta. Sai a 1913 aka yi doka aka gyara ɓarnar. A Aljeriya Faransawa sun fara buga fassarar Muktasar ta Perron tun 1848. A 1916 wani jami'in Ingila mai suna Ruxton ya taƙaita fassarorin Faransancin nan zuwa Ingilishi don amfanin hukuma a Nijeriya. A ɓangarenmu na renon Faransa kuwa, dokar 1903 ta kafa kotunan 'yan ƙasa, aka sanya shari'ar Musulunci cikin jerin al'adu, malami ya koma mai ba shugaban kotu shawara. Shi kansa Shakht ya zo Arewacin Nijeriya a 1950 don ya duba yadda alƙalai suke aiki. Norman Anderson na jami'ar Landan, wanda ya rubuta littafi a kan shari'ar Musulunci a Afirka a 1954, yana cikin kwamitin masana shari'a na 1958 ƙarƙashin babban alƙalin Sudan, Abu Rannat, kuma shawarar wannan kwamiti ce ta haifar da kundin hukunta laifuka da ya fara aiki a Arewacin Nijeriya a 1960. Wanda yake ganin binciken jami'a hira ce ta masu farin takarda, to ya dubi wannan.

Abin da aka gano da aka buɗe littattafan fatawa

A 1984 wani matashin mai bincike, Wa'il Hallaƙ, haifaffen garin Nasira a Falasɗinu, ya buga maƙala yana tambaya ko da gaske an rufe ƙofar. Ya bi littattafan usulul fiƙihi ƙarni bayan ƙarni bai samu wannan ijma'i da ake faɗa ba. Ya samu cewa a ƙarni na huɗu da na biyar malamai suna ta bayanin sharuɗan ijtihadi a matsayin abin da ake bukata a kowane zamani. Gardamar ko zamani zai iya wofinta daga mujtahidi sai a wajen ƙarni na shida ta taso, kuma Hambaliyya da wasu manyan Shafi'iyya sun tsaya a kan cewa ba zai yiwu ba. Abin da ake saɓani a kansa ba a kiransa ijma'i. Ga kuma Imamu Suyuɗi, wanda ya rasu a 911, ya fito fili ya ce ya kai matsayin ijtihadi, ya rubuta littafi yana tabbatar da cewa ijtihadi farilla ne a kan al'umma a kowane zamani.

Amma hujja mafi ƙarfi tana cikin wani nau'in littattafai da Shakht da almajiransa ba su ba shi haƙƙinsa ba, wato littattafan fatawa, waɗanda Malikiyya suke kira nawazil. Idan mutum ya dubi matani kaɗai zai ga kamar ba abin da yake motsi, domin babin tsarki na nan inda yake, babin ciniki na nan inda yake. Motsin yana faruwa ne a wurin mufti. Sabon al'amari ya auku, a tambaye shi, ya yi ƙiyasi a kan ƙa'idojin mazhaba ya ba da amsa. Almajirai su tara amsoshin, mai sharhi ya zo ya cire sunayen mutane da na garuruwa ya shigar da hukuncin cikin sharhi, bayan ƙarni ɗaya ko biyu sai ka gan shi a matani kamar dama can yana nan. Hallaƙ ya bi wannan hanya daki-daki a wani bincike na 1994.

Babban misali shi ne Mi'iyar na Wansharisi, wanda ya rasu a 914. Ya tara fatawowin malaman Andalus da Maroko da Tunis na ɗaruruwan shekaru, bugun 1981 ya kai mujalladi 13 har da fihirisa. A ciki akwai rikicin ruwan ban-gona tsakanin na sama da na ƙasan kogi, da matsalar kuɗin da aka sauya ƙimarsa bayan an ci bashi, da halin Musulmin da suka rage a Andalus bayan ta faɗi. David Powers na Amurka ya fitar da littafi a 2002 yana bin wasu shari'o'i na cikinsa, ya nuna alƙalai da muftai suna aiki da dalili da natsuwa, ba da son rai ba kamar yadda Turawa suka daɗe suna siffanta alƙalin Musulunci.

Sai kuma abin da ake kira amal. Alƙalan Fas sukan bar mashhurin mazhaba su ɗauki wani ƙauli na cikin mazhabar idan maslaha ko lalura ta sa, kuma idan aiki ya gudana a kai sai ya zama shi ake bi a wannan gari. Abdurrahman al-Fasi, wanda ya rasu a 1096, ya tara irin waɗannan mas'aloli a waƙe. Ɗaya daga ciki ita ce shaidar lafif: asali shaidu biyu adilai ake nema, amma da adilai suka yi wuya a ƙauyuka, haƙƙoƙin mutane suna salwanta, sai aka karɓi shaidar mutum goma sha biyu daga gama-garin jama'a. Tun kafin su, Imamu Ƙarafi, wanda ya rasu a 684, ya yi gargaɗi mai tsanani cewa hukuncin da aka gina a kan al'ada yana sauyawa idan al'adar ta sauya, kuma muftin da baƙo ya zo masa dole ya tambayi al'adar garin baƙon kafin ya buɗe baki.

Ba sai mun tsaya a Magrib ba, domin ƙasarmu tana cikin wannan tarihi. A 898 bayan Hijira, daidai da 1493, wani malami mai suna al-Lamtuni ya aika wa Suyuɗi jerin tambayoyi daga ƙasar Takrur a kan halayen sarakuna da 'yan kasuwa da mata da masu tsibbu, Suyuɗi ya amsa. Ya kuma rubuta wasiƙar nasiha ga sarkin Agadas da na Katsina. Shaihu Magili ya ratsa ta Tigidda zuwa Kano da Katsina da Gawo, ya amsa tambayoyin Askiya Muhammadu a kan mulki da dukiya da mutanen da suke gauraya Musulunci da tsafi. Al-Aƙib al-Anusammani, ɗan yankin Tigidda, ya yi karatu a wurin Magili da Suyuɗi duka biyu, shi ma yana da nasa amsoshi.

Ahmad Baba, wanda ya rasu a 1627, ya bar mana misalai biyu masu kyau. Taba ta shigo ƙasashen Musulmi a zamaninsa, Halil bai san ta ba balle Malik. Ahmad Baba ya duba ta ya ga ba ta gusar da hankali, ya halatta. Ibrahim al-Laƙƙani a Masar ya haramta, Aliyu al-Ajhuri ya halatta, dukansu Malikiyya ne, dukansu kuma da ƙa'ida suka yi magana. Yau da likitoci suka tabbatar da cutarwarta, malamai da yawa sun karkata ga hani, kuma ba wanda zai ce sun saɓa wa Ahmad Baba a kan asali, domin abin da aka sani game da tabar ne ya ƙaru. Misali na biyu ya fi nauyi. A 1615 mutanen Tuwat suka tambaye shi game da bayin da ake kawowa daga ƙasar baƙar fata. Ya amsa musu cewa launin fata ba shi ne dalilin bauta ba, ya ambaci Barno da Kano da Katsina da Sanwai a matsayin ƙasashen Musulmi da bai halatta a mallaki mutanensu ba. Wannan fatawa ce da ta tsaya tsakanin ɗan Adam da kasuwar bayi, an kuma ba da ita shekara ɗari bakwai bayan lokacin da aka ce an rufe ƙofa.

To taƙlidi fa? Shi ma binciken ya sake duba shi. Muhammad Fadil, wanda yake koyar da shari'a a jami'ar Toronto ta Kanada, ya buga bincike a 1996 a kan dalilin bayyanar muktasarai a mazhabar Malik. Ya ce a dubi abin ta fuskar mai ƙara. Idan kowane alƙali mujtahidi ne mai cin gashin kansa, wanda ya kai ƙara ba zai san abin da zai tarar ba, alƙalin safe ya ba shi gaskiya na yamma ya hana shi, kuma mai mulki zai samu ƙofar matsa wa alƙali ya zaɓo masa ƙaulin da yake so. Da aka tsayar da mashhuri aka tattara shi a littafi irin na Halil, sai hukunci ya zama sananne ga kowa, alƙali ya zama ɗaurarre da shi. Wato Muktasar ta yi aikin da kundin doka yake yi a yau. Ni a ganina wannan bayani ya fi kusa da abin da dattawanmu suka sani a aikace, ko da ba su faɗe shi da wannan lafazi ba, kuma ya isa ya sa matashin da yake yi wa Halil izgili ya sassauta harshe.

Inda abin ya shafi kotu da gida

Mu da muke bin mazhabar Malik ya kamata mu san cewa wasu ƙasashe sun zo sun ara daga gare mu lokacin da suka shiga ƙunci. A Hanafiyya matar da mijinta ya ɓace tana jira har sai sa'o'insa sun mutu, kuma da wuya alƙali ya raba aure saboda cuta ko rashin ciyarwa. A Malikiyya tana jiran shekara huɗu bayan ta kai ƙara, sannan ta yi takaba, kuma alƙali yana raba aure saboda cutarwa. Masar ta ɗauki waɗannan hukunce-hukunce a dokokinta na 1920 da 1929. A Indiya abin ya kai wasu mata suna yin ridda don aurensu ya warware, sai Shaihu Ashraf Ali Tahanawi ya rubuta wa malaman Malikiyya na Madina ya nemi bayani, ya fitar da littafi a kan mafita, daga nan aka yi dokar raba auren Musulmi ta 1939. Duk wannan bai yiwu ba sai da aka samu mutanen da suka san mazhabobi, suka san halin da mata suke ciki, suka kuma san yadda ake zuba hukunci a cikin sashe-sashe na doka. Irin wannan aiki ne Abdurrazzaƙ as-Sanhuri ya yi a Masar, da Shaihu Musɗafa az-Zarƙa a Siriya, wanda ya sake jera fiƙihun mu'amala yadda ɗalibin lauya zai gane shi.

Kuɗin takarda ma haka. Shaihu Ulaish, babban muftin Malikiyya a Masar da ya rasu a 1299, ya ba da fatawa cewa ba a fitar da zakka daga ainihin takardar kuɗi, domin a zamaninsa zinare da azurfa ne kuɗi. Da duniya ta koma kan takarda gaba ɗaya, majalisun fiƙihu, har da ta Jidda da ƙasashen Musulmi suka yanke shawarar kafawa a 1981, suka tsayar da cewa takardar kuɗi tana ɗaukar hukuncin zinare da azurfa wajen zakka da riba. Da an tsaya a kan lafazin Ulaish, da attajirin da ya tara miliyoyin sefa ba ya ba talaka ko dala. A irin waɗannan majalisu ana gabatar da bincike a rubuce, a saurari likita ko masanin tattalin arziki, sannan malamai su yanke. Wanda ba ya iya rubuta bincike da wuya muryarsa ta kai can.

A nan Nijar, tun dokar tsarin kotuna ta 1962, aure da saki da gado ana yanke su ne bisa al'adar masu shari'a, tare da mashawarta da suke zama kusa da alƙali, kuma ga mafi yawan jama'a wannan al'ada fiƙihun Malik ne gauraye da gargajiya. An yi yunƙurin kawo dokar iyali a farkon shekarun 1990, an sake yi a 2011, ƙungiyoyin Musulunci suka ƙi, aka janye. Ƙin abin da ya saɓa wa nassi wajibi ne. Sai dai ƙi kaɗai ba ya ciyar da matar da aka saka da 'ya'ya biyar, ba ya ƙwato wa marainiya rabonta na gona daga hannun baffanninta da suka ce mace ba ta gadon ƙasa. Wannan magana ta baffanni gargajiya ce, ba ta cikin Risala, amma da sunan al'ada ake shigar da ita. Wa zai rarrabe wa alƙali tsakanin biyun, da hujja, da harshen da ya karanta doka da shi, in ba ɗalibin da ya haɗa zaure da jami'a ba?

Duk da haka akwai iyaka da dole a kiyaye. Mai binciken tarihi ba mufti ba ne. Zai iya gaya maka cewa alƙalan Fas sun yi kaza a ƙarni na goma sha ɗaya, amma ko ya halatta ka yi haka a Maraɗi yau, wannan tambaya ce ta wanda ya san dalili da sharuɗan aiki da ƙaulin da ba mashhuri ba, kuma yake tsoron tsayuwa gaban Allah. Shi Hallaƙ ɗin da ya rushe da'awar Shakht, daga baya ya rubuta littafi yana cewa tsarin gwamnatin zamani da shari'a ba sa haɗuwa ko kaɗan, kuma masana da yawa, Musulmi da waɗanda ba Musulmi ba, sun yi masa raddi. Ana karɓar maganar mai bincike ne gwargwadon hujjarsa a kowace mas'ala. Akwai kuma wata cuta da ta shigo ta jami'o'inmu na Musulunci su kansu: ɗalibi bai gama Risala a gaban malami ba, sai ka ga ya jera imamai huɗu a kundin digirinsa yana cewa wannan ne ya yi daidai, wancan ya yi kuskure. Buɗewar ƙofar ijtihadi ba ta sauke sharuɗan shiga ba. Malamai sun kasa shi mataki-mataki, akwai mai cin gashin kansa, akwai mai fitar da hukunci a kan ƙa'idojin imaminsa, akwai mai rinjayarwa tsakanin ruwayoyi, akwai wanda aikinsa kawai ya naƙalto mazhaba da amana, kuma wannan na ƙarshe ma ba ƙaramin matsayi ba ne.

Kayan aiki kuwa suna nan kusa. Jami'ar Musulunci ta Sayi tana karɓar ɗalibai tun 1986. A Yamai, cibiyar binciken ilimin ɗan Adam tana ajiye da dubban rubuce-rubucen hannu na Larabci da ajami, waɗanda marigayi Bubu Hama ya fara tarawa. A gidajen malamai na Agadas da Damagaram da Tawa akwai takardu a cikin gafaka da adaka, gara da damina suna rage su kowace shekara. Yawancin ɗalibanmu idan sun zo zaɓen maudu'i sai su koma kan abin da aka riga aka rubuta sau ɗari a Alƙahira da Madina, su bar abin da ba wanda zai rubuta shi sai su.

Ga misali ɗaya. Jinginar gona ta cika karkararmu: manomi ya karɓi kuɗi a lokacin yunwa, ya miƙa gonarsa, mai kuɗin ya yi ta nomanta yana cin amfaninta shekara da shekaru har ranar da aka biya shi kuɗinsa cif. A mazhabar Malik, wanda aka ba jingina yana iya cin amfaninta ne idan bashin na ciniki ne, aka shardanta amfanin tun wurin ƙulla cinikin, aka kuma yanke masa lokaci sananne. Idan bashin rance ne bai halatta ba, domin rance ne da ya jawo amfani. Hukuncin a bayyane yake a littafi. Amma gaya wa manomi haramun ne bai hana shi komawa gobe, tunda yunwar na nan. Ana bukatar ɗalibin da zai zauna a ƙauye goma ko ashirin ya rubuta yadda ake ƙulla abin da lafazin da ake faɗa, ya duba abin da sarakunan gargajiya da kotuna suke yankewa idan rikici ya tashi tsakanin magada, ya koma Mi'iyar da sharhohin Halil ya ga yadda malaman Magrib suka yi da makamancinsa, sannan ya gwada ko hayar gona ta shekaru sanannu da kuɗi a hannu, ko cinikin salam a kan hatsin da za a girbe, zai biya wa manomi bukatarsa ba tare da gonar ta kuɓuce masa ba. Idan ya gama sai ya kai wa malaman fatawa su duba, ya kuma fitar da shi da Larabci da Faransanci da Hausa, domin malami da alƙali da mai gonar kowa ya iya karantawa.

Wallahu a'alam.